Kano zuwa Guangzhou: kilomita nawa ne, kuma awa nawa ake yi a hanya?

Ɗan Kwari

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu sanin harkar jirgin sama. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Baiyun na Guangzhou a ƙasar Sin, nisan nawa ne a haƙiƙa? Wani shafi ya ce 10,900, wani ya ce 6,800, wani kuma 5,900, kowanne da ƙarfinsa.

Na biyu, tikitin da ejan ya turo ya nuna tashi daga Kano ƙarfe 1:30 na rana, sauka a Guangzhou ƙarfe 3:40 na yammacin washegari, wato awa 26 da ɗoriya. Amma na dawowa ya nuna tashi 12:30 na dare, isowa Kano 12:15 na rana, ko awa 12 bai cika ba. Kuma duk ta Adis Ababa ne. Ta yaya zuwa zai ninka dawowa? Sannan tsakanin Adis, Alƙahira da Doha, wace hanya ta fi kusa? Allah ya saka da alheri.

Malam Taswira

Wa alaikumus salam, Alhaji. Duka lambobin ukun daidai suke, ma'aunin ne ya bambanta. Na farkon kilomita ne, kuma idan aka tsananta lissafi ya kai wajen 10,940. Na biyun mil ne irin na tudu, wanda Amurkawa suka fi aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.609. Na ukun mil ɗin teku ne, wanda matuƙa jirgin sama da na ruwa ke amfani da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Ninka 5,900 da 1.852, za ka ga ka dawo kan 10,900 ɗinka. Kewayen duniya baki ɗaya wajen kilomita 40,000 ne, ke nan tafiyar ta ɗara rubu'in duniya kaɗan.

Wannan nisan shi ne na mafi gajartar hanya a bayan ƙasa, ba wadda taswirar bango ke nunawa ba. Taswirar bango shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙule take. Ka samu ƙwallon taswirar nan irin na ofishin hedimasta, ka danne bakin zare a kan Kano, ka ja ɗaya bakin zuwa Guangzhou har ya yi tsam. Za ka ga zaren bai miƙe gabas ba, arewa maso gabas ya nufa. Yana bi ta wajen Diffa, ya ratsa arewacin Cadi, ya taɓa iyakar Sudan da Masar, ya tsallaka Bahar Maliya, ya wuce ta kudancin Madina kaɗan, ya bi ta kan Baharen, kudancin Iran da Pakistan, ya kai ƙololuwarsa ta arewa daidai Delhi, sannan ya gangaro ta gefen duwatsun Himalaya zuwa kudancin Sin.

Daga nan amsar tambayarka ta uku ta fito. Doha kusan a kan zaren take. Kano zuwa Doha wajen kilomita 4,750 ne, Doha zuwa Guangzhou wajen 6,200, jimilla 10,950, kusan babu asarar komai. Ta Alƙahira, 3,100 ne da 8,000, jimilla wajen 11,100. Ta Adis kuma 3,330 ne da 8,040, jimilla wajen 11,370. Tsakanin mafi kusa da mafi nisa kilomita 420 ne kacal, tafiyar rabin awa a jirgi. Don haka kada ka zaɓi hanya saboda nisa, babu abin da za ka tsira da shi a can.

Batun awa 26 da awa 12 kuwa agogo ne ya ruɗe ka. Kowane lokaci da ke kan tikiti, lokacin garin da jirgin yake ne a wannan sa'a. Sin tana gaban Najeriya da awa 7, kuma agogo ɗaya take amfani da shi duk faɗinta. Habasha tana gabanmu da awa 2, tana bayan Sin da awa 5. Sai a warware tikitin naka zango-zango, amma lokutan tsakiyar da zan sa misali ne, ka duba naka ka maye gurbinsu.

A ce ka tashi Kano 1:30 na rana, ka sauka Adis 8:15 na dare. A ido awa 6 da minti 45 ne, cire 2, saura awa 4 da minti 45. Ka zauna jira har 12:30 na dare, awa 4 da kwata. Ka tashi 12:30, ka sauka Guangzhou 3:40 na yamma, a ido awa 15 da minti 10, cire 5, saura awa 10 da minti 10. Haɗa ukun: awa 19 da minti 10. Hanyar gajere ita ce ka ɗauki awa 26 da minti 10 ka cire 7, amsa ɗaya za ta ba ka.

A dawowa ƙarawa ake yi maimakon cirewa. Awa 11 da minti 45 da ka gani, sa mata 7, ta zama awa 18 da minti 45. Zuwa 19 da minti 10, dawowa 18 da minti 45. Ƙafa ɗaya suke.

Tsohon Matuƙi

Bayanin Malam ya wadatar a kan nisa da agogo. Bari in ƙara abin da ke sa nisa ɗaya ya ba da lokaci daban-daban.

Manyan jiragen da ke wannan hanya, irin su Boeing 787 da 777 da Airbus A350, idan sun daidaita a sama suna gudun wajen kilomita 900 a awa. Ƙananan, irin 737, wajen 830 zuwa 840. Amma ba za ka raba nisa da 900 ka zauna ba, don jirgi ba ya wannan gudun tun daga farko har ƙarshe. Hawa zuwa ƙafa 35,000 yana cin minti 20 zuwa 30, kuma a hankali ake yinsa. Gangarowa ma ana fara ta tun da sauran wajen kilomita 200, tana cin kusan rabin awa. Ga kuma tafiyar ƙasa, domin lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne daga sa'ar da aka tura jirgi baya daga ƙofa, ya ƙare sa'ar da ya tsaya cak a ɗaya ƙofar. A babban fili irin Baiyun, daga titin sauka zuwa ƙofa kaɗai kan iya cin minti 15 ko 20.

Lissafin da ba ya kunyata mutum shi ne: raba nisa da 850 ga babban jirgi, ko da 800 ga ƙarami, sannan ka ɗora rabin awa. Adis zuwa Guangzhou, 8,040 a raba da 850 ya ba da kusan awa 9 da rabi, a ɗora rabin awa, awa 10. Kano zuwa Adis, 3,330 a raba da 800, a ɗora rabin awa, awa 4 da minti 40. Doha zuwa Guangzhou ya faɗo wajen awa 7 da minti 50. Da akwai jirgin da ke miƙewa daga Kano har Guangzhou ba tsayawa, awa 13 da 'yan mintoci zai yi.

Sai iska, wadda ita ce babbar mai sauya lissafi. Gudun 900 ɗin nan a cikin iska ake auna shi, ba a kan ƙasa ba. Kamar mai kwalekwale ne a kogi, ƙarfin filafili ɗaya, amma gangara daban, hawa daban. A can sama, wajen kilomita 10 zuwa 12, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga yamma zuwa gabas. Da hunturu takan sauko kudu ta bi ta kan Masar, Saudiyya, arewacin Indiya da kudancin Sin, kuma a tsakiyarta takan haura kilomita 200 a awa. A ce matsakaicinta a duk hanyar 100 ne. Mai zuwa gabas zai riƙa cin ƙasa 1,000 a awa, mai dawowa 800. A nisan 8,000, zuwa awa 8, dawowa awa 10. Da babu iska, awa 8 da minti 53 ne kowanne. Ka lura, ribar zuwa minti 53 ce, asarar dawowa minti 67, domin mai fuskantar iska ya fi daɗewa a cikinta. Shi ya sa hanyar Alƙahira da ta Doha suka fi nuna tazara tsakanin zuwa da dawowa da sanyi, takan kai awa guda ko fiye. Hanyar Adis ta fi kusa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, a gefen iskar take bi, tazararta ba ta kai haka ba.

Sannan jirgi ba ya bin zaren Malam sak. Akwai hanyoyin sama da aka shata, ga sararin da aka rufe ko ake gudu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, galibin sararin samaniyarta ya zama abin kaucewa, alhali miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Adis da ta Kano zuwa Doha duk ta kan Sudan suke ratsawa. Kewayen yana ƙara lokaci. A 2023 ɗin ma Nijar ta rufe nata sararin na wasu makonni bayan juyin mulkin watan Yuli, kuma duk jirgin da ke haurawa arewa daga Najeriya sai da ya ji a jikinsa. Ta ɓangaren Asiya, jiragen fasinja suna kauce wa tsaunukan Tibet da Himalaya. Dalilin shi ne idan iskar cikin jirgi ta zube, dole a sauko da gaggawa zuwa wajen ƙafa 10,000 inda mutum zai iya numfashi, a can kuwa ƙasar kanta ta fi haka tudu. Sai a bi ta kudu, ta kan Indiya da Bangaladash da Myanmar, a shiga Sin ta yankin Yunnan. Cikin Sin kuma sojoji ne ke riƙe da mafi yawan sararin, hanyoyin jiragen fasinja ƙanana ne, cunkoso kan sa a riƙe jirgi a ƙasa ko a sa shi zagaye. Don haka ka ɗora kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kan nisan taswira idan kana son kusantar abin da jirgin zai ci a zahiri.

Ɗan Kwari

Madalla, na gode ƙwarai Malam, na gode ranka ya daɗe. Agogon ya zauna mini. Amma a kasuwa ana cewa juyawar duniya ce ke sa wani ɓangare ya fi sauri, wai ƙasa tana gudu a ƙarƙashin jirgin. Akwai ƙamshin gaskiya? Kuma tunda awa 13 ce kawai, me ya hana a samu jirgi kai tsaye daga Kano, ga yawan mutanenmu da ke zuwa Caina?

Tsohon Matuƙi

Alhaji, maganar kasuwa ta kama gefe ta saki tsakiya. Duniya tana juyawa zuwa gabas, a daidai Kano gudun ya kai wajen kilomita 1,630 a awa. Amma iskar da ke lulluɓe da ita tare suke juyawa, jirgin ma tun yana ajiye yake cikin wannan gudun, bai rabu da shi don ya tashi ba. Da maganar tasu haka take, da mai dawowa yamma ne zai fi sauri, tunda Kano za ta riƙa taho masa. A zahiri kuwa da hunturu mai dawowan ne ke daɗewa. Inda juyawar ta shigo shi ne, ita da bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryoyinta suke haifar da iskar da na faɗa, suke kuma karkata ta gabas.

Jirgi kai tsaye ba ƙarfin inji ya hana ba. 787-9 yana kai wajen kilomita 14,000, A350-900 ya haura 15,000, titin Kano kuma mita 3,300 ne. Lissafin kuɗi ne. Jirgi irin wannan yana shan wajen tan 5 zuwa 6 na mai a awa, awa 13 ya haura tan 70 idan aka haɗa da na ajiya, domin doka ta tilasta a ɗauki ƙarin mai na ko-ta-kwana, da wanda zai kai jirgin wani filin idan na farko ya ƙi saukuwa, da na zagayen rabin awa a ƙarshe. Kafin a mayar da wannan kuɗin sai an cika kujeru kusan 300 zuwa da dawowa, sau da yawa a mako, duk shekara, ba lokacin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou kaɗai ba. Kamfanin da ke da cibiya a Adis ko Doha yana tara fasinjan Kano da na Legas da Yamai da Akara da Duwala ya zuba su a jirgi ɗaya, shi ya sa tasa take fita.

Ejan Fagge

Alhaji, malamai sun gama da sama, ni ta ƙasa zan yi maka, don a nan ake asarar awoyi da kuɗi.

Abin da ke bambanta tikiti da tikiti a wannan hanya shi ne jiran canjin jirgi. Zaman cikin jirgi duk hanyar da ka bi tsakanin awa 14 ne da 15. Amma jira zai iya zama awa 3, zai iya zama awa 16. Idan ejan ya turo maka zaɓi, kada ka tsaya kan farashi da lokacin tashi, ka nemi jimillar lokacin tafiya da tsawon jira a rubuce. Tikiti mai rahusa sau da yawa rahusarsa a jiran take.

Adis tana da tsari mai sauƙin ganewa. Jiragen Afirka ta Yamma suna isa da daddare, na Asiya su tashi wajen tsakar dare. A dawowa na Asiya suna isowa da asuba, na Afirka ta Yamma su tashi da hantsi. Shi ya sa jiranka ya faɗo awa 3 zuwa 4 ta kowane ɓangare, wanda shi ne daidai. Ƙasa da awa 2 ban ba da shawara ba, ko da kwamfuta ta yarda ta sayar. Jirgin Kano ya makara da minti 50, a ɗauko ku a bas daga inda ya tsaya, ku sake bin layin bincike, an riga an rufe ƙofa, don akan rufe ta tun da sauran minti 15 ko 20 a tashi. Ko kai ka samu shiga da gudu, akwatinka ba lallai ya biyo ka ba. Jirgin Guangzhou kuma ba motar Zariya ba ce da wata za ta cika nan da an jima, wanda ya rasa na yau galibi sai gobe war haka. A dawowa abin ya fi ciwo, don ba kowane kamfani ke shiga Kano kullum ba.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne 12:30 na dare. Idan tikiti ya ce 00:30 ranar Talata, to daren Litinin za ka je filin jirgi, wajen ƙarfe 9 na dare, don Talatar ta shiga tun 12. Wanda ya bari sai daren Talata ya je, jirginsa ya tashi kusan kwana guda da ya wuce, an rubuta shi bai zo ba, sai tara ko sabon tikiti. Idan kuma a zangon farko hakan ta faru, kwamfuta kan soke duk sauran zangunan har da na dawowa. Ka kuma duba alamar +1 kusa da lokacin sauka, ma'anarta washegari. Ranar bizarka ma da wannan za ka auna ta, kada kwanakin da aka ba ka su ƙare daren da kake layin awo.

Sai ka tambaya ko jirgin yana tsayawa a hanya. Lamba ɗaya a tikiti ba ta nufin ba sauka. Qatar Airways ta buɗe hanyar Kano a Maris na 2022 haɗe da Abuja, kuma irin wannan haɗin yana nufin za a iya sauka a ɗebi wasu fasinja kuna zaune a ciki, awa ɗaya da rabi ko biyu ta tafi. Hanyar da ta fi kusa a taswira sai ta koma ba ita ta fi sauri ba. Jadawali yana canzawa da kaka, ka sa a buɗe maka na ranar tafiyarka.

Ga mai bi ta Alƙahira da EgyptAir: Masar ta dawo da sauya agogo a 2023. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba tana gabanmu da awa 2, sauran shekara da awa 1. Mai lissafi da lamba ɗaya duk shekara zai kuskure da awa guda. A Adis kuma mutanen gari suna da nasu ƙirgen, wanda ke farawa daga wayewar gari, 7 na safe ita ce ƙarfe 1 a wurinsu. Tikiti da allunan fili da ƙirgen agogon da muka saba suke aiki, su za ka bi. Wayarka ma kada ka amince ta gyara kanta idan ba ta kama sabis ba, ka sa mata lokacin garin da hannu da zarar ka sauka.

Tikiti ɗaya ka yanka daga Kano har Guangzhou. Idan makarar daga kamfani ce, su za su sa ka a jirgi na gaba, kayanka kuma su wuce kai tsaye. Idan jiran ya kai awa 8 zuwa 24 kuma babu haɗin da ya fi shi kusa, wasu kamfanonin kan ba da otal, amma da sharuɗɗa, a tabbatar tun wurin yanka. Wanda ya yanki na gida daban zuwa Abuja ko Legas, ya yanki na waje daban, idan na gidan ya makara babu ruwan na wajen. Ya bar tazarar awa 6 aƙalla, da hazo kuwa ya kwana can.

A wurin awo ka karanta takardar da aka liƙa wa akwatinka kafin ya shige. Lambar Guangzhou CAN ce, ta Kano KAN, harafi ɗaya ya raba su. Idan ka ga ADD kaɗai, a Adis zai tsaya. Ka adana ɗan guntun da aka manna maka a bayan katin shiga jirgi, da shi ake neman kaya idan sun ɓata.

Hajiyar Wambai

Alhaji, awa 19 ɗin nan daga ƙofar jirgi ne zuwa ƙofar jirgi. Daga gida zuwa masauki lissafin daban ne. Ka isa filin Kano da sauran awa 3, saboda layin awo da binciken jami'ai iri-iri, ga duba katin rigakafin zazzaɓin shawara. A Baiyun ka ware awa 1 zuwa 2 don ɗaukar hoton yatsu, layin shige da fice, jiran kaya da kwastam. Lokacin baje kolin Canton, wato tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, layin ya fi tsawo, tikiti da otal duk su yi tsada. Filin yana arewacin gari da wajen kilomita 30. Zuwa Xiaobei ko Sanyuanli, inda mutanenmu suka fi sauka, minti 45 ne idan hanya ta buɗe, amma mai fitowa ƙarfe 5 na yamma ya faɗa cunkoson tashi daga aiki, ya sa awa ɗaya da ɗoriya. Jirgin ƙasa na Layi na 3 yana shiga har filin, sai dai mai manyan akwatuna biyu zai sha wuya wurin canji. Gaba ɗaya kwana guda cur ne, awa 24 zuwa 25.

Kada ka sa ganawa da mai masana'anta a safiyar da ke biye. Sa'ar da ka sauka 3:40 na yamma, jikinka yana kan 8:40 na safe. Ƙarfe 12 na dare a can, 5 na yamma ce a jikinka, barci ba zai zo ba, sai gari ya waye ya danne ka. Ka daure kada ka kwanta da isarka, ka fita ka ga rana da safe, a rana ta uku abin yakan fara daidaita. Dawowa gida ta fi sauƙi a jiki.

Sai salla, don ita ma lissafin nan ya shafe ta, kuma da rana ake aunawa a inda jirgin yake, ba da agogon hannu ba. Mai tafiya gabas yana tarar rana, kowace awa ɗaya a jirgi kusan awa ɗaya da rabi ce a lokacin ƙasan da yake ketawa. Idan kun tashi Adis 12:30 na dare, alfijir zai keto bayan awa 3 zuwa 3 da rabi, kuna kan tekun Larabawa, lokacin an kashe fitilu kowa na barci. Tsakanin alfijir da fitowar rana ma ya taƙaita, wajen minti 50 maimakon awa da kwata. Ka yi alwala tun a Adis, ka sa ƙararrawa a kan awa 3 daga tashi, ka ɗaga labulen taga kaɗan ka duba. A dawowa dare ne ke miƙewa, awa 10 kuna cikin duhu, asuba sai dab da sauka Adis, kuma akwai wurin salla a filin. Mai azumi ya san da wannan: zuwa yininsa gajere ne, amma zangon Adis zuwa Kano yana ƙara masa awa 2.

Tsohon Matuƙi

Ƙari biyu kan lokacin shekara, tunda Alhaji bai faɗi watan tafiyarsa ba.

Abin da na ce game da iska na hunturu ne. Daga Yuni zuwa Satumba iskar yamman tana komawa arewa, sai wata ta taso daga gabas ta bi ta kan kudancin Indiya da tekun Larabawa har Afirka. A wannan lokacin, a hanyar Adis, tazarar zuwa da dawowa takan ragu ƙwarai, wani lokacin ma dawowar ce ke fin sauri. Idan ka ga jadawalin damina ya bambanta da na sanyi da minti 30 ko 40, ba kuskure ba ne.

Makara kuma kowane gefe da kakarsa. A Kano hazo ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan nisan gani ya faɗi ƙasa da abin da dokar sauka ta yarda, jirgin da zai ɗauke ku ba zai sauka ba, zai zagaya ko ya karkata Abuja, haɗinku na Adis ya tafi ke nan. A Guangzhou ruwa da tsawa ne daga Afrilu zuwa Satumba, ga guguwar teku da ta fi yawa daga Yuli zuwa Satumba, wadda kan sa a rufe filin na wasu awoyi. Mai tafiya a watannin hazo ya zaɓi jira mai tsawo a zuwa, awa 4 ko fiye. Mai dawowa da damina ya sa tazarar a dawowa, kuma ya bar aƙalla kwana 2 tsakanin ranar tashinsa da ranar ƙarewar bizarsa.